Minti Ɗaya a Tashar Kot Miran

Zuwa ga Mai Girma Wakilin Mazaɓarmu a Majalisa, inuwar talakawa, mai buɗaɗɗen akwatin imel dare da rana, ko kuma zuwa ga duk bawan Allahn da aka ɗora wa wahalar buɗe akwatin nan a madadinsa.

Ranka ya daɗe,

Kot Miran. Kot Miran. Kot Miran.

Ka yi mini afuwa da na sa sunan ƙauyenmu gaba da gaisuwa, har sau uku. Shekara talatin da shida na yi ina rubuta wa mutane takardun koke a gindin bishiyar da ke ƙofar kotun gunduma, kuma ban taɓa yi wa ko masinja irin wannan rashin ladabi ba. Dalilin zai bayyana can gaba, in Allah ya ba ka haƙurin kaiwa can.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofis da kwamfutocinsu baki ɗaya, ni ne Nazir Hussain Gondal, wanda aka fi sani da Munshi, wato magatakarda. A da mutanen garinmu kan faɗi sunan nan da girmamawa. Yanzu ma suna faɗinsa, sai dai da wata irin murya da ba na so.

Ga abin da ya kawo ni. Shekara biyu ke nan ƙodar matata, Sughran Bibi, ta gaza. Duk Litinin da Alhamis sai an kai ta asibitin birni an yi mata wankin ƙoda. Jirgin ƙasa na bakwai da minti goma na safe shi ke kai mu, na yamma ya dawo da mu. Daga ƙofar gidanmu zuwa tasha taku ɗari biyu da goma sha huɗu ne, da irin takunta, na ƙirga ba sau ɗaya ba. Jirgin kan tsaya minti ɗaya tak, kuma mintin nan ya ishe mu.

Bayan an gama yankan alkama ka zo filin makarantar gunduma ka sanar cewa za a rufe ɗaya daga cikin ƙananan tashoshi biyu, tamu ko ta Jalalwala, ƙauyen da ke kilomita goma sha ɗaya a bayanmu. Ka ce zamanin takarda ya wuce, kowa ya aiko da ra'ayinsa ta imel cikin kwana talatin, ƙauyen da ya fi yawan murya shi zai riƙe tasharsa. Aka yi tafi, kuma nawa ya fi na kowa ƙara, domin gani nake an kawo kokawar har tsakar gidana. Gasar rubuta koke, da ni a raye? Mutanen Jalalwala su kansu wurina suke zuwa in suna da ƙara. Da na koma gida na ce, "Maman Farzana, ki kwantar da hankalinki, tasha tamu ce." Ta ce, "Baban Farzana, ka dai fara koyon kunna abin tukuna."

To ga koke-kokena, a jere, yadda sana'a ta koya mini.

Koke na farko, a kan adireshinka. 'Yata Farzana, wadda ke koyarwa a birni, ita ta buɗe mini akwatin imel a wayata, ta rubuta mini adireshinka a takarda. Na duba sai na ga sunanka tsirara, da ƙananan haruffa, babu Mai Girma, babu Sahib, babu ko Haji. Na ce yaran zamani ba su san darajar manya ba, na gyara da kaina, na jera maka laƙabinka duka a gaban sunan. Wasiƙar ta dawo. Na ƙara laƙabi ɗaya na sake turawa, ta sake dawowa. Sau goma sha ɗaya tana dawowa, kowane karo da 'yar takarda daga wani jami'i da ke cewa ba a san mai wannan adireshi ba. Ni kuwa na san halin masu tsaron ƙofa. Na rubuta wa jami'in cikin lalama, na tambaye shi lafiyar yara, na nuna masa a fakaice cewa in akwai maganar ɗan abin shan shayi, ni ba baƙo ba ne a harkar. Bai amsa ba, abin da ya sa na ƙara ganin girmansa. Sai da Farzana ta kira ni ta ce, "Abba, ba mutum ba ne fa, na'ura ce. Don Allah ka cire Mai Girman nan." Da hannuna na goge. Ina tambaya cikin ladabi, a wane gari ne sai an tuɓe wa babba girmansa kafin saƙo ya isa gare shi? Kwana huɗu daga cikin talatin a nan suka tafi.

Koke na biyu, a kan saurin amsarka. Ranka ya daɗe, amsa mafi sauri da na taɓa gani daga hukuma wata bakwai ta yi a hanya, ta iske an riga an yi sadakar arba'in ɗin mai koken. Taka kuwa ban ko ajiye wayar ba ta iso: "Mun karɓi saƙonka, kuma yana da matuƙar muhimmanci a wurinmu." Sau uku na karanta wa Sughran. Na kai aka buga mini a takarda mai kauri, aka sa a gilashi, na rataye kusa da hoton mahaifina. Na sayi alewar jalebi kilo biyu na raba a ƙofar masallaci, sannan na bi kowa na sa masa adireshinka a waya.

Kwana biyu bayan haka ina zaune a kujerar Boota wanzami, ya shafe mini fuska da kumfa, sai ya ce, "Munshi Ji, ai ni ma Mai Girma ya amsa mini." Ashe yana neman tura wa surukinsa hoton akuyar da yake son sayarwa ne, yatsa ya zame, hoton ya faɗa akwatinka. Ya nuna mini amsar, kalma da kalma irin tawa. Akuyar Boota ma tana da matuƙar muhimmanci a wurinku. "Ka ga," in ji shi, aska tana kan maƙogwarona, "ni ko gaisuwa ban yi ba." Saboda askar, na miƙa wuya na bar shi ya gama. Gilashin kuma ban sauke shi nan da nan ba, tunda mutane sun riga sun cinye jalebin.

Koke na uku, ba ku tanadi wurin dangwale a imel ba. Tun zamanin kakanni, nauyin koke yana ga yawan yatsun da aka dangwala a ƙasansa. Na ɗauki tawadata na bi gida-gida, na tara yatsa ɗari uku da goma sha biyu, har da na tsofaffin da sai an riƙe musu hannu. Farzana ta ce, "Abba, duk wannan saƙo ɗaya za a ƙirga shi. Sai kowa ya tura nasa da wayarsa." Na sake zagayawa ina roƙo. Mako guda cur, mutum tara suka tura, in an sa akuyar Boota goma. Na je wurin Chaudhry Allah Ditta, mai manyan gonakin rake, wanda in ya yi abu rabin gari ke bi. Yana kishingiɗe a gadon igiya da tukunyar tabarsa, ya busa hayaƙi ya ce, "Munshi Ji, yatsa na ba ka don tawada tana fita da sabulu. Amma sunan da ya shiga na'urar gwamnati, wa ya taɓa ganin ya fito?"

A nan dole in tona wa kaina asiri. A shekarun baya, in kasuwa ta yi sanyi a ƙofar kotu, mata kan kawo mini wata irin wasiƙa da ke cewa a kwafe ta sau ashirin da ɗaya a rarraba, wanda ya ƙi kuwa masifa na tafe. Nakan kwafa musu a tafireta, in sun juya baya in yi dariya. Tun lokacin na san mutanenmu. Ka ce su ɗaga yatsa don amfanin kansu, sai su ce sai sun yi shawara, amma ka tsorata su, kafin ka rufe baki sun gama. Waɗannan da suka ƙi tura kokena su ne kullum safiya ke cika mini waya da saƙon a tura wa mutum goma. Sai na zauna na ɗaura wa wasiƙata wutsiya kamar haka:

"Ka tura wannan ga Mai Girma Wakili, sannan ka tura wa mutum goma. Wani mutum a Sahiwal ya tura, kafin Juma'a bizar ɗansa ta Dubai ta fito. Wani a Okara ya yi dariya ya goge, kwana uku ɓaunar da yake tatsa ta faɗi ta mutu."

Babu wani mutum a Okara, ranka ya daɗe. Ni na haife shi, ni na ba shi ɓauna, ni na kashe ta, duk kafin shayina ya huce. Cikin kwana biyu mutum ɗari biyu da tamanin da bakwai suka tura. Chaudhry, mai ɓauna goma sha tara, sau uku ya tura, ya kuma sa aka kira masa likitan dabbobi don kada a yi sake. Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan cewa irin waɗannan saƙonni ƙarya ce da ba ta da tushe a addini, yana yi yana duban sahun da nake, kuma gaskiyarsa ce. Sai daga baya na tuna cewa wutsiyar nan ta iso akwatinka kai ma, aƙalla sau ɗari biyu da tamanin da bakwai. Ina neman gafara, kuma in kana da ɓauna ina fatan tana lafiya.

Koke na huɗu shi ne mafi nauyi, kuma ban san ko a kan wa zan ɗora shi ba. Ofishinka yana ƙirga wasiƙu bisa sunan ƙauyen da na'ura ta tsinto a ciki, ba ya karanta su.

Koke na gaskiya yana da tsari. Shafi na farko gaisuwa da yabo. Shafi na biyu tarihi, da ambaton alheran da hukuma ta saba yi wa talakawa. Sai a shafi na uku, can ƙasa, mai roƙo zai sunkuyar da kai ya faɗi buƙatarsa a layi ɗaya, kamar baƙon da ya tuna abin da ya kawo shi yana cikin sa takalmi. Haka malamina ya koya mini, haka na yi shekara talatin da shida ina yi, kuma haka na yi maka. A cikin shafi uku cikakku, sau ɗaya sunan Kot Miran ya fito.

Abin da ban lissafa ba shi ne, wasiƙar a-tura-wa-goma ba ta san iyakar ƙauye ba. Muna auratayya da Jalalwala, kowa yana da ƙanwa ko suruki a can. Ba a yi kwana uku ba ta faɗa hannun Master Riaz, tsohon hedimastan makarantarsu, mutumin da ya yi shekara talatin yana duba takardun jarrabawa da jan biro. A duk faɗin gundumar nan shi kaɗai ya karanta wasiƙata har ƙarshe. Bai taɓa yabon da na yi maka ba, ko aya bai gyara ba. Ya cire Kot Miran ya sa Jalalwala, ya ƙara layi ɗaya a wutsiya, ya sake ta.

Saura kwana shida wa'adi ya cika, ranar wata Alhamis, ina zaune a bencin asibiti, Sughran tana ciki an jona ta da na'ura. A ranar nan jikinta bai yi daɗi ba tun a jirgi. Sau biyu nas ta fito da sauri tana neman likita, ba ta ko dube ni ba. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara, saƙo ne daga wani ɗan ƙanena da ke aiki a Sharjah. Na buɗe na ga gaisuwata, da salona, har na ji kaina ya ɗan kumbura, wai rubutuna ya ƙetare teku ya dawo. Na tsallake zuwa wutsiya, yadda kowa ke yi. Mutumin Okara yana nan, sai dai a hanya ɓaunarsa ta zama uku, rufin ɗakinsa ma ya rufta. A ƙasa kuma ga wani layi da ba nawa ba: "Wanda ya tsinke wannan sarƙa, majinyacin gidansa ba zai tashi ba."

Na san ƙarya ce. Wa ya fi ni sani? Ni ne uban mutumin Okara. Na yi ta'awwuzi, na cusa wayar a aljihu, na ɗauko carbi. Nas ta sake fitowa, wannan karon da gudu. Na ciro wayar. Ba zan yi maka ado ba, ranka ya daɗe, tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, tsoron in koma gida ni kaɗai a jirgin yamma. Ban tsaya a mutum goma ba. Na tura maka, na tura wa duk sunan da ke cikin wayata, har na ƙara a sama da hannuna: "Ku sake turawa yau, daga Munshi." Mutanen Kot Miran sun yarda da ni, shekara da shekaru ina rubuta musu suna dangwalawa ba tare da sun ce in karanta ba. Suka tura maka, suka tura wa 'yan'uwansu na Karachi da Dubai da duk inda neman abinci ya kai ɗan ƙauyenmu, su ma suka tura. Babu wanda ya leƙa shafi na uku. Bayan awa guda aka fito da Sughran, ashe jininta ne ya ɗan yi ƙasa, har tana tambayata ko na ci abinci.

Shin a duk ofishinka babu mutum ɗaya da ya yi mamakin ganin ƙauye guda ya tashi tsaye yana roƙon a bar wa maƙwabta tasha a rufe tasa? Babu wanda ya ce a kira su a ji ko lafiya? Na yi tambayar ne don al'ada, amma na san bakina bai da ƙarfi. In wanda ya rubuta wasiƙa bai karanta ta ba, da wane ido zai zargi wanda aka aika wa? Da aka bayyana sakamako, Jalalwala ta sami dubu huɗu da ɗari da goma sha shida, Kot Miran ɗari biyu da casa'in da wani abu. Ban sani ba ko an sa akuyar.

Koke na biyar, a kan takardar yabon da ka aiko mini. Ban je bikin da aka yi a tashar Jalalwala ba, Boota ne ya je ya kawo mini labari yana haki. Wai ka ambaci sunana a lasifika. Wai ka ce a yi koyi da Munshi na Kot Miran, dattijon da ya fifita maƙwabta a kan kansa, har ya ja ƙauyensa kaf suka mara wa Jalalwala baya. A lokacin ne na buɗe wayata na karanta wasiƙata har ƙarshe, karo na farko tun da ta bar hannuna. Mako guda bayan haka ma'aikacin gidan waya ya kawo mini takarda mai zanen zinariya a gefe, da sa hannunka na gaske, da tawada ta gaske, na shafa na ji. A duk rayuwata ita ce amsa ɗaya tilo da wani babba ya aiko mini da sunana a kai. Me na yi maka da zafi haka?

Chaudhry ya tare ni a hanyar masallaci ya ce, "Munshi Ji, tsakaninka da Allah, me suka ba ka?" Saura kaɗan in ƙirƙiro masa wani abu. A garinmu wanda aka saya yana da sauran mutunci, ana cewa ya san abin da yake yi. Na faɗa masa gaskiya. Ya dube ni ya ce, "To ɓaunar fa, ita ma ƙarya ce?" Na ce ƙarya ce. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Na shirya wa Master Riaz zagi mai shafi uku, na ɗauki sandata na tafi Jalalwala. Na same shi a tsakar gida, ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo shayi. Ya ce, "Munshi Sahib, wasiƙarka ta yi kyau ƙwarai. Wuri ɗaya kawai na samu na gyarawa." Na ce, "Layin majinyaci fa? Ba ka ji tsoron Allah ba?" Ya juya ya dubi wani gado a inuwa, inda ƙanwarsa ke kwance, wadda ake kaiwa birni duk mako saboda ciwon daji. Ya ce, "Abin da nake tsoro na rubuta, ɗan'uwa. Na san in ya kama ni zai kama kowa." Na shanye shayin, na yi wa ƙanwar sannu, na dawo da sandata da zagina.

Wadda na fi jin nauyin faɗa wa ita ce Sughran. Tana zaune tana tsince shinkafa na zayyana mata komai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Mutum nawa ka tura wa?" Na ce duka. Ta ce, "Kai da ka ƙago mutumin Okara?" Na ce ni. Ta ce, "Saboda ni?" Na gyaɗa kai. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, da ya lafa ta ce, "To ai ga shi na tashi, Baban Farzana. Wa ya ce maka ba ta aiki?" Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Har yau ba ta sake tayar da maganar ba.

Koke na shida, kuma na ƙarshe, ka daina amsa mini. Tun daga ranar bikin na aiko maka da saƙon gyara sittin da uku. Don kada su ɓace a cikin taro, na sa wa kowanne kanu da manyan haruffa: GAGGAWA, KADA KA GOGE, KARANTA HAR ƘARSHE, MAGANAR RAI CE. Wajen na ashirin, har amsar nan mai sauri ta ɗauke. Na tambayi Farzana ko ba ka da lafiya ne. Ta duba ta ce, "Abba, na'urarsu ta sa ka a layin masu cewa an bar wa mutum gado a ƙasar waje. Duk abin da ka tura kwandon shara yake faɗawa." Wato yanzu ina can tare da masu tallan maganin sanƙo da masu albishirin cin caca. Ban ce ba a yi mini adalci ba, domin in aka bi aikina ɗaya bayan ɗaya, can ɗin ne ajina. Amma ina kewar lokacin da nake da matuƙar muhimmanci a wurinku, ko da tare da akuya ne. Shi ya sa na kai wannan wasiƙa gidan jarida, na kuma manna kwafi ɗaya a tagar sayar da tikiti ta tasharmu, wadda aka rufe da katako.

Bari in faɗa maka yadda Litinin da Alhamis suka koma. Da an sallame sallar asuba muke hawa babur mai ƙafa uku, mu yi kilomita goma sha ɗaya baya, zuwa Jalalwala, a hanyar da motocin rake suka farfashe. A can muke shiga jirgi. Jirgin ya zo ya wuce ta ƙofar gidanmu ko rage gudu ba ya yi. Ta taga Sughran kan hango rufinmu ta ce, "Ka ga, ka manta ba ka kwashe barkonon nan ba." Tafiya da sauƙi, dawowa ce matsalar. Wanda bai taɓa ganin mutum bayan wankin ƙoda ba ba zai gane ba, jiki kan saki gaba ɗaya kamar tsumman da aka matse. A haka za mu sake wuce ƙofar gidanmu, taku ɗari biyu da goma sha huɗu daga gadonta, mu sauka a Jalalwala, mu kamo hanyar rake. Ina riƙe da hannun da aka sa mata allura don kada ya bugu, ita kuma ta runtse ido tana ƙirga ramuka, ta san su duka.

Makon jiya ta ce, "Baban Farzana, Alhamis ɗin nan a bar ta, ta Litinin ma ta isa." Na yi faɗa, na yi lallashi, ba ta tashi ba. Kafin Litinin ƙafafunta suka kumbura, takalminta ya ƙi shiga, sai nawa ta sa. Likita ya ja ni gefe ya faɗa mini abin da tsallake wanki ke jawowa, bai ɓoye mini komai ba. Jiya ta sake cewa a bar Alhamis mai zuwa.

Ga buƙatata, kuma ka lura ban sunkuyar da kai ba, ban sa takalmi ba. Ba na roƙon a ƙwace tashar Jalalwala, su ma suna da gado a inuwa. Ba na roƙon a buɗe tagar tikiti, ko a dawo da ma'aikaci, ko a gyara fitila. Ina roƙon ka yi magana da masu jirgi, ya riƙa tsayawa a Kot Miran minti ɗaya, Litinin da Alhamis, safe da yamma. Minti huɗu ke nan a mako. In minti ɗaya ya yi yawa, daƙiƙa arba'in ta ishe ta hawa in na tallafe ta, mun gwada a matakalar gida. Takardar yabonka tana nan ko lanƙwasa ba ta yi ba, in ana karɓar musaya a shirye nake in dawo da ita.

Hannu ya saba, ba na iya rufe wasiƙa yanzu ba tare da wutsiya ba. Ga ta, kuma wannan karon babu ƙarya a ciki. Kada ka tura wa mutum goma, kada ka tura wa kowa. Babu wanda bizarsa za ta fito, babu ɓaunar da za ta mutu. In ka karanta ka ajiye, ko ka goge, ko ma ba ta iso gare ka ba, wallahi babu abin da zai same ka, kai da iyalinka da dabbobinka. Ita Sughran abin zai sama.

Allah ya ƙara maka girma, ya ja kwananka, ya tsare akwatinka daga irina.

Naka mai biyayya, mai ladabin da ya wuce amfani,

Munshi Nazir Hussain Gondal,
tsohon marubucin koke,
Kot Miran.

A ƙasa dangwalen Sughran Bibi ne. Kafin ta dangwala ta sa na karanta mata wasiƙar nan da ƙarfi, daga farko har ƙarshe, sau biyu.